Sitaci, Sabulu da Guntun Gilashi: Tarihin Tankaɗe Furotin

 

Da wuya a yau mu karanta littattafan soyayya goma ba mu ci karo da wannan fitowa ba: an sa rana, an kai lefe, sai saurayi da budurwa su tafi asibiti gwajin jini. Likita ya dubi takarda, ya zare tabarau, ya sanar da su cewa dukkansu AS ne. Daga nan mukan ba kukan amarya shafi uku. Abin da ya faru da jinin tsakanin sirinji da waccan takarda kuwa, ko layi ɗaya ba ya samu, domin yawancinmu ba mu san shi ba. Ga shi kuma tun 2024 gwajin kafin aure ya zama doka a Jihar Kano, wato wannan takarda ta ƙara shiga rayuwar mutanen da muke rubutu a kansu.

Abin da ake yi wa jinin shi ne, ana sa sinadaran da ke cikinsa tsere ta hanyar jan su da wutar lantarki. Masana suna kiran dabarar ilektiroforesis, mu bari mu kira ta tseren lantarki. Ta haura shekara 200 ana gyara ta. Za mu bi ta tun daga curin laka a Rasha har zuwa wani guntun gilashi da bai kai faɗin kwalin ashana ba, mu ga yadda aka koyi jera furotin daga ƙarami zuwa babba, da kuma yadda sabulu ya shigo cikin maganar.

Carbin da aka dunƙule

Furotin shi ne ma'aikacin jiki. Himogulobin da ke dakon iska a cikin jajayen ƙwayoyin jini furotin ne. Haka insulin mai daidaita sukari, haka sojojin garkuwar jiki, haka mafi yawan abin da ke cikin dafin maciji. Sunan ya fito ne a 1838, daga wata kalmar Girkanci mai nufin abin da ke sahun gaba.

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar ƙirarsa ita ce mu ɗauke shi kamar carbi. Ƙwayoyin carbin su ne amino asid, iri 20 ne, ana jera su bisa umarnin da mutum ya gada. Insulin yana da ƙwaya 51, himogulobin yana da 574 a zare huɗu. Sai dai a cikin jiki carbin ba a miƙe yake ba, a dunƙule yake, kowane da irin tasa naɗewar, kuma naɗewar ce ke ba shi damar yin aikinsa. Wasu daga cikin ƙwayoyin suna ɗauke da cajin lantarki, ko na tarawa (+) ko na ɗebewa (−), irin alamomin da muke gani a kawunan batir.

Saboda haka furotin biyu suna iya bambanta ta fuska uku: tsawon carbi, siffar dunƙulewa, da yawan caji. Wahalar da masana suka sha shekara da shekaru ita ce waɗannan ukun a cakuɗe suke. Idan furotin ya riga ɗan uwansa a tsere, ba a san ko ƙanƙantarsa ce ta taimake shi ba, ko kuwa cajinsa ne ya fi yawa.

Daga lakar Mosko zuwa bututun Uppsala

A 1807, wani malamin Jami'ar Mosko, Bajamushe mai suna Ferdinand Reuss, ya kafa bututun gilashi biyu a cikin jiƙaƙƙiyar laka, ya zuba musu ruwa, ya jona su da batir. Sai ya ga ruwan ɗaya bututun yana gurɓacewa: ƙurar lakar tana tafiya wajen kan batir mai alamar tarawa. Wannan shi ne tushen. Duk abin da ke da caji, idan yana cikin ruwa aka saki wuta, zai nufi kan da ke kishiyar cajinsa.

An yi fiye da ƙarni kafin wannan ya zama kayan aikin awon furotin. Wanda ya kai shi nan shi ne Arne Tiselius na Jami'ar Uppsala a ƙasar Suwidin, almajirin Theodor Svedberg. Ya rubuta kundin digirinsa na uku a kai a 1930, amma sakamakon bai gamsar da shi ba. Babban abokin gabarsa zafi ne. Idan wuta ta ratsa ruwa tana ɗumama shi, ruwa mai ɗumi ya taso sama, mai sanyi ya sauka, sai duk abin da aka fara rabawa ya sake damewa. A 1937 ya fito da sabuwar na'ura: bututu mai siffar harafin U, a nutse cikin ruwan da aka sanyaya zuwa wajen digiri 4, inda ruwa ya fi kowane lokaci natsuwa. Da ita ya raba ruwan jini gida huɗu, albumin da wasu uku da ya laƙaba wa alfa, beta da gama. Ba a jima ba, shi da Elvin Kabat suka nuna cewa sojojin garkuwar jiki suna cikin rukunin gama. An ba Tiselius kyautar Nobel a 1948.

Na'urar tasa ƙatuwa ce, tsawonta mitoci, ga tsada, ga cin samfur mai yawa. Ɗakunan bincike ƙalilan ne suka mallake ta. Ɗaya daga cikinsu yana Kaliforniya ta Amurka, kuma a can ne labarin ya taɓo gidajenmu. A watan Nuwamba na 1949, Linus Pauling da Harvey Itano da abokan aikinsu biyu suka wallafa abin da suka gani da suka sa himogulobin ɗin masu sikila tsere da na masu lafiya. Gudunsu ya bambanta. Jinin masu ɗauke da rabin gadon kuwa, waɗanda muke kira AS, ya nuna iri biyun a tare. Wannan ne karon farko da aka kama wata cuta a jikin ƙwayar furotin guda. Daga 1956 zuwa 1957, Vernon Ingram a Kambirij ta Ingila ya gano cewa ƙwaya ɗaya tak aka musanya, daga baya aka tabbatar ita ce ta shida a zaren beta mai ƙwaya 146. Wadda ke da cajin ɗebewa ta fita, wadda ba ta da caji ta maye gurbinta. Ciwon ƙashi da ƙarin jini da kwanan asibiti da muke gani a amosanin jini, duk daga wannan ƙwaya ɗaya suka taso.

Mu riƙe wannan, za mu dawo gare shi: gwajin Pauling caji ya duba, bai dubi girma ba.

Sitacin wanki

Bayan yaƙin duniya na biyu an koma yin tseren a kan jiƙaƙƙiyar takarda, domin ta fi araha kuma tana hana ruwa motsi. A farkon 1954, wani matashi ɗan Ingila, Oliver Smithies, yana aiki a kan insulin a birnin Toronto na Kanada. Insulin ɗin ya riƙa manne wa takardar, ya ƙi tafiya. Yana neman mafita sai ya tuna yarintarsa, lokacin da yake taya mahaifiyarsa wanki. Takan dafa sitaci don kaya, in aka bar ragowar ya huce sai ya daskare. Duk wanda ya taɓa barin kunu ko koko ya kwana a kwano ya san wannan daskarewa. Smithies ya dafa sitaci, ya zuba a faranti, ya bar shi ya kama jikinsa, ya yi tseren a cikinsa. Ya wallafa sakamakon a 1955.

Abin da ya samu ya fi abin da ya nema. Ruwan jinin da aka saba gani gida huɗu ko biyar ya rabu gidaje da yawa. Dalili shi ne daskararren sitaci raga ce mai ƙananan ƙofofi, ƙanana suna kurɗawa da sauri, manya suna sarƙewa. Wato an samu rariya. Sai dai tankaɗen nan ya saba wa na gari: a madafa abin da ya fi girma yana zama a saman rariya, a nan kuwa kowa zai wuce, jinkiri ne kawai ya bambanta. Ya fi kama da sakin mutane su ratsa gonar dawa da ta yi duhu, yaro ya fita can gaba yayin da ƙato yake fama da kara.

Sitaci yana da nasa aibin: wannan buhu ba ya zama daidai da wancan, kuma ba a gani ta cikinsa sosai. A 1959 Samuel Raymond da Lewis Weintraub suka gabatar da wani jel na haɗi mai suna foliyakirilamaid, garau kamar gilashi, wanda mai bincike ke iya ƙayyade faɗin ƙofofinsa ta yawan sinadarin da ya zuba. A 1964 Leonard Ornstein da Baruch Davis na birnin New York suka ƙara masa dabarar da ke tattara dukkan furotin a siririn layi guda kafin a sake su, kamar yadda ake jera dawaki kafin sukuwa.

Rariya ta samu. Amma har yanzu masu tseren suna shiga da caji daban-daban da siffa daban-daban. Babban furotin mai caji da yawa yana iya kamo ƙarami mai caji kaɗan, su tsaya a layi ɗaya, mai kallo ya zaci abu guda ne.

Shigowar sabulu

Maganin ya fito daga inda ba a zata ba. Akwai rukunin sinadarai da za mu kira dangin sabulu, waɗanda kowace ƙwayarsu tana da kai mai son ruwa da wutsiya mai son maiƙo. Shi ya sa sabulu ke fitar da manja daga riga: wutsiyoyi su cafke maiƙon, kawuna su ja shi cikin ruwa. Ɗaya daga cikin dangin shi ne wanda ake taƙaita sunansa da SDS. Ba baƙo ba ne a gidajenmu, shi ne ke kawo kumfa a yawancin man goge baki da sabulun wanke gashi, kuma ana yawan samar da shi daga man kwakwa ko man alayyadi. Wutsiyarsa tana da ƙwayar kabon 12, kansa yana ɗauke da cajin ɗebewa.

A tsakiyar shekarun 1960, Jacob Maizel yana binciken bairos ɗin shan-inna a New York. Furotin ɗin da suka yi wa bairos ɗin riga a manne suke da juna gam, ya rasa abin da zai ɓamɓare su sai SDS. Da aka ci gaba da amfani da shi sai aka lura da wani abu: furotin da aka wanke da wannan sabulu suna jeruwa a jel bisa nauyinsu. A 1967 Shapiro da Viñuela da Maizel suka wallafa wannan. A 1969 Klaus Weber da Mary Osborn na Jami'ar Harvard suka gwada dabarar a kan furotin 40 da aka riga aka san nauyinsu, suka tabbatar tana faɗin nauyi da kuskuren da bai cika wuce kashi 10 cikin 100 ba. Ga masu neman labarin soyayya a ɗakin bincike, waɗannan biyun daga baya aure suka yi.

Ga yadda abin ke aiki. Ana zuba wa samfur SDS da wani sinadari mai wari da ke tsinke ƙullin da ke ɗaure zaren, a dafa shi 'yan mintoci a zafin da ya kusa tafasa. Carbin ya warware. Wutsiyoyin sabulu su bi shi su lulluɓe daga farko har ƙarshe. An auna a 1970 cewa kowane giram ɗaya na furotin yana ɗaukar kusan giram 1.4 na SDS, wato kamar ƙwayar sabulu ɗaya ga kowace ƙwayar carbi biyu. Cajin sabulun ya yi yawan da zai danne cajin da furotin ya zo da shi. Siffa ta tafi, domin kowa ya miƙe. Caji ya daidaita, domin mai tsawo biyu ya ɗauki sabulu ninki biyu. An yi wa kowa anko, abin da ya rage a gane mutum da shi sai tsayinsa.

A nan akwai wurin da mai karatu zai iya tuntuɓe. Idan kowa ya yi anko, ƙarfin da ke jan kowanne ya yi daidai da nauyin da yake ja, to a cikin ruwa tsura kusan tare za su isa. Sabulu kaɗai ba ya raba su. Rariya kaɗai kuma ba ta faɗin girma. Sai an haɗa biyun: sabulu ya share sauran bambance-bambance, rariya ta yi hukunci a kan wanda ya rage.

Wanda ya ɗinke wannan da dabarar Ornstein da Davis shi ne Ulrich Laemmli, ɗan ƙasar Suwizalan, yana aiki a Kambirij a lokacin da Maizel ya je can ziyarar bincike. Takardarsa ta fito a mujallar Nature a 1970. Abin da ya dame shi a cikinta shi ne yadda wani bairos mai kama bakteriya, T4, yake gina kansa. Bayanin haɗa jel ɗin 'yan layuka ne kawai a ciki. Amma waɗannan layukan ne duniya ta ɗauka. Da mujallar ta lissafa takardun kimiyya da aka fi ambata a tarihi a 2014, ta Laemmli ce ta zo ta biyu, an ambace ta fiye da sau 200,000.

Shuɗin Kumasi

Furotin a cikin jel ba ya ganuwa, sai an rina shi. Rinin da ya fi shahara a wannan aiki shuɗi ne, sunansa Coomassie. Wanda ya furta sunan a hankali zai ji Kumasi a ciki, kuma ita ce. Wani kamfanin rini da ke kusa da Manchester, Levinstein, ya ɗauki sunan a ƙarshen ƙarni na 19 ya laƙaba wa rininsa na ulu, a zamanin da sojojin Ingila suka shiga babban birnin Asante a 1896. Haka Turawa suke rubuta sunan garin a lokacin. A 1963 aka fara rina furotin da shi. Yau duk ɗalibin da ya ɗaga jel mai shuɗayen layuka a Tokyo ko Zariya yana ambaton garin da fatakenmu suka yi ta zuwa sayen goro, garin da har gobe Hausa ake yi a zangonsa, ko ya sani ko bai sani ba.

Aikin kuwa na haƙuri ne. A haɗa jel da hannu, ga sinadarin kafin ya daskare guba ne ga jijiyoyi. A ɗura samfur, a saki wuta awa ɗaya ko fiye. A ɓamɓare jel ɗin a tsoma a rini, sannan a yi ta wanke shi har shuɗin bango ya fita, layukan su bayyana. Yini guda yakan tafi, wani lokaci har da kwana. Wanda ya taɓa zama a bakin karofi zai gane wannan jira.

Siririn bututu, sannan gilashi

Mai son sauri sai ya ƙara ƙarfin wuta, ƙarin wuta kuwa yana dawo da tsohon abokin gabar Tiselius, zafi. Mafitar ita ce a sirantar da hanyar, domin siririn abu ya fi saurin hucewa, kamar yadda shayi a faranti ke riga na cikin kofi. Stellan Hjertén, almajirin Tiselius, ya gwada bututu mai faɗin milimita 3 a 1967, yana juya shi don kada ruwan ya dame. A 1981 James Jorgenson da Krynn Lukacs na Jami'ar North Carolina suka sauko zuwa bututun gilashi mai faɗin maikuromita 75, kimanin kaurin silin gashi. Da shi aka iya sakin wuta mai ƙarfin dubban bolt ba tare da samfur ya dahu ba. A 1987 Aharon Cohen da Barry Karger suka shigar da jel da SDS cikin irin wannan bututu.

Mataki na gaba ya zo daga masana'antar kwamfuta, inda aka riga aka ƙware wajen zana ƙananan hanyoyi a kan allo da haske, a ƙwaƙule su da asid. A 1990 Andreas Manz, yana aiki a kamfanin Ciba-Geigy a birnin Basel, ya gabatar da tunanin tattara duk aikin ɗakin gwaji a kan ɗan allo guda. A 1992 shi da Jed Harrison na Kanada suka nuna tseren lantarki a cikin hanyoyin da aka sassaƙa a gilashi, aka rufe da wani gilashin.

Hikimar allon tana cikin mararrabarsa. Hanyoyi biyu ne suka gitta juna. Ana jan samfur da wuta ta gajeriyar hanyar har ya cika mararrabar, sai a juya wutar zuwa doguwar hanya. Ɗan abin da ke tsakiyar mararrabar kaɗai ne zai shiga tsere. Tunda an taso a matse, ba a buƙatar fili mai tsawo kafin a ga wanda ya riga wani. Maimakon jel mai tauri, ana cika hanyar da ruwa mai yauƙi, cike da dogayen zaruruwa da suka sarƙe suka zama raga. A ƙarshen hanya hasken leza yana jira, kwamfuta tana rubuta lokacin da kowa ya wuce.

A 1999 kamfanin Agilent, tare da Caliper, ya fitar da na'urar 2100 Bioanalyzer, wadda ta fara da awon DNA da RNA. Furotin ya ɗan ja baya, kuma abin da ya riƙe shi sabulun ne.

Da magani ya zama ciwo

Dangin sabulu suna da wata ɗabi'a. Idan sun yi kaɗan a ruwa, kowace ƙwaya tana yawo ita kaɗai. Da zarar yawansu ya haura wani mizani, sai su riƙa curewa, wutsiyoyi a ciki, kawuna a waje. Domin furotin ya zauna a miƙe cikin ankonsa, ana son sabulu ya wadata a hanyar, wato cure-curen nan suna ko'ina.

A kan allo babu damar tsomawa a rini a wanke. Dole rinin ya kasance a cikin ruwan tun farko, irin wanda ke ƙyalli idan ya samu wuri mai maiƙo ya maƙale. Yana maƙalewa a jikin furotin mai rigar sabulu, abin da ake so ke nan. Amma yana maƙalewa kuma a cikin curin sabulun da babu furotin a cikinsa. Sai hanya ta ɗauki haske gaba ɗaya, kamar neman hasken tocila da tsakar rana.

Luc Bousse da abokan aikinsa a Caliper suka wallafa mafita a 2001. Sun ƙara mararraba ta biyu dab da wurin da leza ke dubawa. A nan wasu hanyoyi suke shigo da ruwan da babu sabulu a cikinsa, su tsinka wanda ke tafe har yawan sabulun ya faɗo ƙasa da mizanin curewa. Cure-curen banza su watse, haskensu ya mutu. Sabulun da ke jikin furotin kuwa yana nan riƙe da rininsa. Bango ya yi duhu, layuka suka fito. Wankin da ke cin awoyi a kwano ya koma abin da ke faruwa cikin ƙiftawar ido, a filin tseren da bai kai santimita biyu ba.

Da irin wannan allo ana auna samfur goma cikin ƙasa da awa ɗaya, kowanne da maikurolita 4, abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na ɗigon ruwa ba. Sakamakon yana fitowa a lambobi, ba a hasashen ido ba. Kamfanonin da ke haɗa magunguna na furotin suna dogara da wannan dabara, a allo ko a siririn bututu, don tabbatar da cewa maganin bai kakkarye ba kuma babu baƙon abu a ciki.

Duk da haka da tsohuwar zuma ake magani. Na'urar tana da tsada, allon sau ɗaya ake amfani da shi, ruwan aikinsa sai a firji. Jel ɗin Laemmli yana nan a kusan kowane ɗakin binciken halittu, domin yana da araha, kuma ana iya yanko layin da ake so a ci gaba da bincikensa. Sannan shi kansa ankon ba ya zama daidai a jikin kowa: furotin da ke ɗauke da sukari mai yawa ba ya ɗaukar sabulu yadda ya kamata, sai ya yi jinkiri a zaci ya fi girmansa. Wanda aka wanke da SDS kuma galibi ya bar aiki ke nan, an san tsayinsa amma an kashe shi.

Mu koma asibiti

Yanzu mu dawo ga amaryarmu. Da za a zuba wa jininta SDS, da gwajin ya lalace. Zaren beta na himogulobin yana da nauyin kusan 16,000 a ma'aunin masana, bambancin na A da na S kuwa 30 ne kacal. Rariya ba za ta ga wannan ba. Abin da ya raba su caji ne, shi kuma sabulu aikinsa shafe caji. Saboda haka gwajin rukunin sikila ba a sa masa sabulu. A yawancin ɗakunan gwajinmu ana yin sa ne a kan wata farar takarda ta musamman da Joachim Kohn ya gabatar a Landan a 1957. A kanta A ne ke gaba, sai F na jarirai, sai S, sai C a baya. Tambayar da aka yi wa jini ita ke zaɓar dabara: mai tambayar girma ya sa sabulu, mai tambayar caji ya bar furotin da kayansa.

Shi ma wannan tseren ya hau ƙaramin allo. Umut Gurkan da tawagarsa a Jami'ar Case Western Reserve ta Amurka sun ƙera wani ɗan allo mai suna HemeChip, da waccan takardar a cikinsa, wanda ke karɓar ɗigon jini daga yatsa. Asibitocin Kano suna cikin wuraren da aka gwada shi a kan yara. Ya fito kasuwa a cikin wata na'ura mai batir mai suna Gazelle, tana ba da sakamako cikin ƙasa da minti goma. A ƙasar da ake ƙiyasta ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da sikila duk shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da rabin gadon, saurin gano yaro kafin ciwo ya fara kayar da shi ba ƙaramin abu ba ne.

Wanda ya fahimci tseren zai kuma fahimci inda yake iya ruɗewa, kuma nan ne labarai suke kwance. Mai SS da aka yi wa ƙarin jini cikin watanni ukun da suka wuce yana ɗauke da A na wani, takarda tana iya nuna shi kamar AS. Akwai wasu nau'o'in himogulobin, kamar D da G, da ke tsayawa a layi ɗaya da S a kan takardar, sai an sake gwaji ta wata hanya kafin a bambance. Jinin sabon jariri F ne ya fi yawa a cikinsa, yana iya ɓoye sauran. Sannan akwai C, wanda ya yawaita a arewacin Gana da Burkina Faso kuma ana samunsa a cikinmu: AS da AC suna iya haifar SC, ita ma cuta ce, amma da wuya mu gan ta a littattafanmu. Haka nan mukan rubuta kamar AS biyu duk 'ya'yansu masu ciwo za su zama, ko kuwa dole ɗaya cikin huɗu. Gaskiyar ita ce kowane ciki yana da nasa kaso ɗaya cikin huɗu, ba ruwansa da na gabansa.

Masu karatunmu suna ɗaukar abin da muka sa a bakin likita da muhimmanci, wasu ma daga littafinmu suka fara jin kalmar AS. Idan za mu raba masoya da takardar gwaji, ko mu haɗa su da ita, ya kamata mu san abin da takardar ke iya faɗa da abin da ba ta iyawa. In akwai ma'aikatan ɗakin gwaji a cikinmu, muna roƙon su ba mu kalmomin da suke amfani da su in suna yi wa marasa lafiya bayani da Hausa, domin mu daidaita waɗanda muka ƙirƙira a nan, irin su tseren lantarki da dangin sabulu.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara wa masu jinyarsu haƙuri.